Na Je Na Tambayi Baffa

Na girma ina jin labarin Baffa, yayan mahaifina, amma sai da na haura shekara talatin kafin na ga fuskarsa. Ba nisa ne ya hana ba. Mu muna Daura, a bakin gari, kusa da 'yar majami'armu mai rufin kwano. Shi kuma yana ƙauyenmu na asali, gaba da Zango kaɗan. Mai babur ba ya cika awa ɗaya a hanya.

Kakanninmu Maguzawa ne. 'Ya'ya biyu ne suka rayu a cikin waɗanda kakata ta haifa. Babban ya musulunta tun yana saurayi. Ƙaramin, wato Baba, ya zama Kirista lokacin da ya zo Daura koyon aikin kafinta. Kaka kuwa ba ta bi kowa ba, ta ce ta tsufa da sake hanya. Duk da haka suna zumunci, suna kai wa juna ziyara, har ranar da ta rasu. Abin da aka faɗa mana a gida magana ɗaya ce, ba ta taɓa canzawa ba: Baffa ya binne uwarsu bai aiko wa Baba ba. Sai bayan kwana uku labarin ya iso ta bakin wani mai sayar da gyaɗa. Baba ya je, ya dawo a ranar, bai ƙara taka ƙauyen ba.

Kowace safiya muna addu'ar iyali kafin a watse. Baba kan rufe da roƙon Allah ya tausasa zukatan masu taurin kai, mu kuma mu ce amin. Ba ya ambaton kowa, amma duk mun san wanda ake nufi. Da na yi aure na ɗauki addu'ar na tafi da ita gidana. Ina yi wa Baffa addu'a da gaske, kuma a raina ina jin na yi abin kirki.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, awon ciki da allurar rigakafi su ne aikina. Wata shekara, gab da damina, aka mai da ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Zango. Da na duba sunayen ƙauyukan da ke zuwa wurinmu, sai na ga namu a ciki. Ranar Lahadi bayan sujada a majami'a na faɗa wa wata tsohuwa da muke kira Iya. Mai sayar da daddawa ce, idonta ya yi rauni, kuma a zumuntar mata an san ta da yawan tambaya, har wasu na gudun zama kusa da ita. Na ce ta taya ni addu'a, Allah ya kai ni kusa da mutumin nan mai taurin zuciya.

Ta ce, "Me yake nomawa?"

Na ce ban sani ba.

"'Ya'yansa nawa?"

"Ban sani ba, Iya."

"Yana da lafiya? Yana gani? Matarsa tana raye?"

Ta laluba ta kama hannuna, ta ce, "'Yata, shekara nawa kina yi wa mutum addu'a, ba ki san ko yana da haƙori a baki ba? To, wa kike kaiwa gaban Allah, mutum ko labari? Ubangijinmu da ya san cikin kowa, sai ya tsaya ya tambayi mara lafiya abin da yake so kafin ya taɓa shi. Ke da ba ki san komai ba, kin riga kin gama shari'a."

Na ji haushi. Na koma gida ina cewa a raina tsohuwar nan ba ta san abin da aka yi mana ba. Amma da na durƙusa washegari zan yi addu'ar da na saba, sai bakina ya ƙi. Na nemi fuskar da zan sa wa sunan, babu. Kafin mako ya ƙare na yanke shawara zan je. Mijina ya ce in yi a hankali. Baba kuwa ban faɗa masa ba. Mama ta riga ta rasu tun ina makarantar koyon aiki, babu wadda zan fara ratsawa ta wurinta.

Ranar Asabar da hantsi na hau babur daga Zango. An yi ruwan farko, ƙasa tana ƙamshi, mutane suna ta shuka. Na tambayi gidan, aka nuna mini. A ƙofar zaure na tarar da wani dogon tsoho, siriri, yana tufka igiyar rama a cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ɗago ya dube ni, hannunsa ya tsaya cak.

Ya ce, "Ba sai kin faɗa ba. Goshin tsohuwa ne wannan." Ya ajiye igiyar. "Shi ya aiko ki?"

"A'a, Baffa. Bai ma san na zo ba."

"To me ya kawo ki?"

"Na zo in san ka."

"Ai kin gan ni," in ji shi, ya koma kan igiyarsa. "Shiga ciki ki sha ruwa."

Matarsa, wadda daga baya na riƙa kira Inna, ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama mini fura. Ta yi ta kallona tana share ido da gefen zane, amma ba ta ce komai a kan abin da ya wuce ba. Da na fito zan tafi, Baffa ya ce in gai da gida, bai ɗago ba. A kan babur na yi kuka kaɗan, na kunya da na haushi. Amma kafin mu kai kwalta na riga na san zan koma Asabar mai zuwa.

Na koma. Na same shi a gona, na tsaya a bakin kunya ina tambayarsa. Me ya sa yake jefa wake a tsakanin gero? Me ya bambanta gero da maiwa, tunda ni a idona duk ɗaya ne? Ya amsa a gajarce, kamar mai korar ƙuda. Asabar ta uku na zo da abin awon hawan jini, ya miƙo hannu bai yi musu ba. Jininsa ya hau, na ce ya rage gishiri da kanwa. Inna ta ce ai shekara goma tana faɗa.

Dole in faɗi gaskiya a nan. Tambayoyin nan na farko ba don ina son sanin gero nake yin su ba. Tsani nake kafawa, ina so in hau in kai ga tambaya ɗaya da na ƙulle a zuciya: me ya sa ka yi wa ubana haka? Tsohon kuwa ba yaro ba ne. Wata rana ina tambayarsa yadda ake gane ƙasar da ta gaji, sai ya dogara da hauyarsa ya ce, "Ke, tambayar da kika zo da ita ba wannan ba ce."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Gaskiya ne, Baffa."

"To ba yau ba. Wataƙila ma ba za ki ji ba har in mutu. In don ita kike wahalar da kanki a kan babur, ki huta."

Wannan makon na sha faɗa da kaina. Na ga cewa abin da nake yi bai bambanta da na mai bin diddigi ba, wanda ke yi maka murmushi yana neman abin da zai kama ka da shi. Na tambayi kaina: in har ba zai taɓa faɗa ba, ina son sanin mutumin nan ko ba na so? Ban sami amsar nan take ba. Na roƙi Allah, a karon farko ba don ya gyara Baffa ba, sai don ya nuna mini ko akwai ƙauna a cikin abin da nake yi. Ranar Asabar na tashi na yi shiri. Da ya hango ni daga nesa, ya girgiza kai, amma na ga gefen bakinsa ya motsa.

Na ce, "Ba ka gama faɗa mini maganar ƙasar da ta gaji ba."

Daga ranar abin ya sauya, a wurina dai. Na daina jiran wata magana a bayan maganarsa, sai na fara jin abin da yake faɗa. Ashe mutum ne mai ban dariya. Yana kwaikwayon muryar dillalan shanu na kasuwar Mai'adua har Inna ta riƙe ciki. Na ji cewa ya yi shekaru yana zuwa cin rani, yana haƙar rijiyoyi a ƙauyukan bakin iyaka, kuma rijiya ta taɓa ruftawa da shi, shi ya sa yake ɗingishi. Na ji cewa ya binne 'ya'ya huɗu, biyar suka rayu, mazan suna Kano, matan suna gidajen aurensu. Ya koya mini zaɓen iri: yadda yake zagaya gona kafin girbi yana ɗaure zangarniyar da ta fi cika da tsumma, don kada a haɗa ta da na ci. In lokacin azahar ya yi, sai ya ajiye hauya ya yi alwala da 'yar butarsa, ni kuma in zauna a inuwar gawo in jira. Wata rana na tambaye shi abin da yake roƙo in ya daɗe zaune bayan sallama. Ya ce, "Gafara. Me kuma tsoho zai roƙa?" Na so in ce gafarar me, na kama bakina.

Shi ma ya fara tambayata. Ya ce shin gaskiya ne muna waƙa a wurin ibada har da ganga? Na ce gaskiya ne. Ya ce in mutum ya mutu a cikinku, me kuke cewa a bakin kabari? Na faɗa masa. Ya daɗe yana jinjina kai. Bai nemi in bar addinina ba, ni ma ban je da niyyar ya bar nasa ba. Amma ban taɓa bayyana bangaskiyata a fili, da kalmomin da ni kaina na fahimta, kamar yadda tambayoyin tsohon nan suka tilasta mini ba. Sau da yawa nakan ce masa ban sani ba, zan je in bincika. In na dawo da amsa, sai ya ce, "To, madalla," ya kawo wata.

Da kaka ta yi, na je na tarar ana ɗaurin gero. Da safe ne, rana ba ta yi zafi ba. Masu taya shi aiki sun ɗauki dammuna sun nufi rumbu, muka rage mu biyu. Yana jan igiya a kan wani dami, bai dube ni ba, ya fara magana.

"Amai da gudawa ne ya shigo garin nan. A mako ɗaya mun rufe mutum ya fi a ƙirga. Tsohuwa ta kamu da safe, kafin la'asar ta fita hayyacinta. Kafin nan ta ce mini, kada ka kira ƙaninka, matarsa tana jego, zai kwashi ciwon ya kai wa jaririya." Ya ja igiyar ya ƙulle. "Ke ce jaririyar. Ba ki yi arba'in ba."

Na zauna a kan dami. Na ce, "Baffa, me ya sa ba ka faɗa masa ba?"

"Ya zo ya tsaya a ƙofar gidan nan, gaban mutanen da suka zo gaisuwa, ya ce na rufe uwarmu kamar mushe. Ƙanina, wanda na goya. Na ce tunda haka ya ɗauke ni, ya je da shi." Ya juyo ya dube ni sosai. "Amma kada ki tafi da rabin magana. Ko da tsohuwa ba ta hana ba, ban so ya zo ba. Ina tsoron ya zo da mutanenku su yi mata waƙa a kan kabari, garin nan ya yi mini dariya. Da ta ce kada in kira shi, daɗi na ji. Kuma bayan an rufe ta, me ya hana ni aikawa washegari? Babu. Wannan nawa ne."

Na taya shi ɗaga damin muka jingina da sauran.

A nan ne na yi kuskuren da har yau nake jin kunyarsa. Washegari Lahadi, ana tashi daga sujada, na wuce gidan Baba da labarina a baki kamar mai kawo takardar kotu. Na same shi a rumfarsa yana goge wata kujera. Na zazzage masa komai: na je ƙauye, wata shida ina zuwa, ga abin da ya faru, Kaka ce ta hana, saboda ni ne, ya kamata ya je ya nemi yayansa. Ban bar masa wurin numfashi ba.

Ya ajiye abin gugar. Ya ce, "Wata shida kina cin tuwon gidansa, ni ina nan ban sani ba. Yanzu kin zo ki koya mini abin da ya faru a mutuwar uwata." Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa.

Mako uku in na gaishe shi sai ya amsa da ka. Na je wurin Iya na faɗa mata, ina jiran ta ce na yi ƙoƙari. Ta saurara har na gama, ta ce, "Wata shida kika ba baffanki. Ubanki fa, minti nawa?"

Wannan karon ban ji haushi ba, don na riga na gani. Na zauna da mutumin nan tun haihuwata, na san yadda yake son kokonsa, na san tarinsa daga nesa, amma ban taɓa tambayarsa komai game da uwarsa ba. Ko sunan da yake kiranta ban sani ba. Na ɗauka na san shi don kullum ina ganinsa.

Na fara zuwa rumfarsa kowace yamma in na taso daga aiki. Ba na maganar ƙauye. Ina riƙe masa katako in yana yanka, ina tambayarsa sunayen kayan aikinsa da tun ina yarinya nake gani ban damu ba. Ran nan na ce, "Baba, Kaka tana da faɗa?"

Ya ci gaba da yankan katako. Can ya ce, "Faɗa? Ai in ta ɗaga murya har awaki sai su nutsu." Ya yi 'yar dariya. Daga nan magana ta ɓalle. Ya ce ranar da zai taho Daura koyon aiki ta raka shi har bakin hanya, ta ɗaura masa ƙuli-ƙuli a tsumma. Ya ce da ya gaya mata ya zama Kirista, abin da ta tambaya kawai shi ne ko a can ana hana mutum kula da uwarsa. Ya ce mako biyu kafin rasuwarta ta aiko tana son ganinsa, shi kuma yana da aikin ƙofofin wata makaranta, ya ce sai ya gama.

"Ban je ba," in ji shi. "Da na isa bayan ta rasu, na ga ƙasa sabuwa, sai na nemi wanda zan ɗora wa. Sai ga Yaya a tsaye."

Shekara talatin da wani abu yana ɗauke da wannan, muna cewa amin a bayansa kowace safiya, babu ɗayanmu da ya taɓa tambaya. Ban ce masa ya je ba. Na ce, "Baba, yanzu me kake so?"

Ya ce bai sani ba. Na ce to, zan sake tambaya.

Na sake tambaya sau biyu a cikin wata biyu. A karo na uku ya ce, "Ina so in ga kabarin."

Muka tafi wata Asabar, babura biyu, shi a gaba da farar rigarsa ta zuwa sujada. Na riga na aika wa Inna. Baffa yana zaune a ƙofar zaure, ya sa hula sabuwa. Baba ya sauka, ya tsaya, sannan ya cire takalmi ya durƙusa kamar yadda ƙani ke yi.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya lau. Ka tsufa."

"Kai ma."

"Ya hanya?"

"Da sauƙi, an gyara ta."

Na tsaya ina jiran a nemi gafara, a rungumi juna. Ba a yi ko ɗaya ba. Suka yi maganar ruwan bana da tsadar taki da ciwon gwiwa. Inna ta kawo fura a ƙwarya ɗaya da ludayi biyu, suka sha. Can Baffa ya ɗauki sandarsa ya ce, "Tashi mu je."

Maƙabartar tsofaffin tana bayan gari, ciyawa ta rufe ta, gonaki sun ci gefenta. Baffa ya tsaya kusa da wata aduwa ya ce nan ne. Baba ya ce a'a, shi ya tuna akwai suri a gabas da wurin, kuma ba a kusa da itace ba ne. Baffa ya ce shi da ya haƙa da hannunsa za a faɗa wa? Baba ya ce ai shi ma da idonsa ya gani. Murya ta fara tashi. Sai Baffa ya tsaya, ya dubi aduwar, ya dubi fili, ya ce a hankali, "Wallahi yanzu kuma ka sa ni shakka. A makon nan mun haƙa da yawa."

Suka yi tsaye su biyu, tsofaffi, babu wanda ya tabbata. Baba ya cire hularsa ya yi addu'a a tsakanin wuraren biyu, murya ƙasa-ƙasa. Baffa ya matsa gefe ya jira shi har ya gama. Da muka juyo, Baba ya rage sauri saboda ɗingishin yayansa. Na ji yana cewa, "Wai me ya sami ƙafar nan?" Baffa ya fara ba shi labarin rijiyar tun daga farko, ni kuma na ja baya na bar su suka yi gaba.

Baffa ya ƙara damina biyu a duniya. A cikinsu Baba ya je sau biyar, sau ɗaya ma ba tare da ni ba. Ban san ko sun taɓa buɗe maganar a tsakaninsu ba. Na tambayi Baba, ya ce wannan tasu ce. Ranar da Baffa ya rasu, babban ɗansa ya kira mu tun kafin a yi masa wanka. Muka isa ana shirin sallah. Baba ya tsaya a bayan sahu har aka idar, sannan ya bi su maƙabarta, aka matsa masa ya zuba ƙasa da hannunsa.